Finjalin da Malam Dawuda Bai Sha Ba

Zainulabideen, kai ka cuce ni. Ba maƙwabci ba, ba bare ba, kai ɗin nan da na goya a bayana har zanina ya yage. Ka tsaya a ƙofar kicin da farar jallabiyarka, ka dubi tsabar idona ka shirga mini ƙarya, ni kuma na hau kai na zauna, don ban taɓa kawowa a raina cewa ɗan da na haifa zai haƙa mini rami ba.

Na san wasunku masu karatu sun riga sun riƙe baki. E, ɗan farina ne. E, na kira sunansa. Tun ranar da aka raɗa masa shi ban taɓa furtawa ba, "yaron nan" nake cewa, da ya yi iyali na koma "mai gidan nan". Yau kunyar ta ƙare. Na ce wa Jamilatu mai wannan shafin ta rubuta sunan cikakke, kada ta rage komai, kada kuma ta gyara mini magana. Ban yi boko ba, amma za a karanta mini in ji.

Sunana Hajjo, 'yar Malumfashi ce ni. Mijina ya daɗe da rasuwa. Ina zaune lafiyata ƙalau a ɗakina, ina toya wainata da safe, ina zuwa bikin 'yan'uwa, sai yaron nan ya aiko wai in taho Riyad in huta. Shi tun yana saurayi ya zo karatu ƙasar nan, ya zarce da aiki a wani dogon bene a unguwar Ulaya, ya zama Balarabe fiye da Larabawan. Ya yi mini iƙama, wato takardar zama, a ƙarƙashin sunansa, ya ajiye ni a hawa na biyu a unguwar Suwaidi. Hutun da aka ce in zo in yi, ga shi: matarsa Nazira ta fita aiki da sassafe, shi ya fita, a bar ni da yara uku da tukunya da injin wanki. Yaran kuma Larabci suke zuba mini, in na ce "zo nan" sai su dubi juna. Ban yi ƙorafi ba. Jikokina ne.

Gwiwata ce ta haɗa ni da Malam Dawuda. Da ta matsa mini aka ce sai an riƙa kai ni asibiti ana gasa ta, ni kuwa ban iya tuƙi ba, mai gidan kuma ba shi da lokaci. Sai aka haɗa ni da direban da ke kai yaran makaranta. Mutumin Damagaram ne, dogo, siriri, furfura ta cinye masa gemu, hularsa kullum a goge. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun yi aure a can gida. Ba shi da yawan magana, ni kuma ina da ita, sai abin ya zo daidai.

Wata safiya muna tsaye a danja ya buɗe ɗan filas ɗinsa, ƙamshi ya cika motar.

Na ce, "Malam, me kake sha haka kamar an gasa gyaɗa da itacen ƙirya?"

Ya ce, "Kafe ne, Hajiya."

"Gahawar Larabawa? Waccan mai ruwan ɗorawa?"

Ya yi dariya har kafaɗarsa na rawa. "Waccan ai ɗauraye kofi ne. Wannan ta Italiya ce."

Ashe ya taɓa tuƙa wani injiniya ɗan Italiya, cikin masu haƙa hanyar jirgin ƙasa ta cikin gari. Baturen nan duk inda za shi da 'yar butarsa a jaka. Da zai koma ƙasarsu ya bar wa Malam Dawuda ita. Ya zuba mini kaɗan a murfin filas, na kurɓa, na yamutsa fuska, na ce wannan ai maɗaci ne. Ya ce in ƙara kurɓa. Na ƙara. Kafin mu isa asibiti na shanye, har ina leƙa filas ɗin.

Zuwanmu na gaba sai ga shi da ƙunshi a leda. Ya faka a inuwar asibiti, ya juyo ya baje mini ita a kan kujera. 'Yar buta ce ta gwangwani mai kauri, mai kusurwa-kusurwa, ƙugunta a tsuke kamar kalangu, hannunta baƙi, gefe ɗaya wuta ta ɗan lashe shi. Ya murɗe ta, ta rabu uku.

"Nan ƙasa ruwa. Kin ga 'yar ƙusar nan ta gefe? Ta nan take numfashi. Ruwa ya tsaya ƙarƙashinta, kada ya rufe mata hanci."

"To."

"Wannan mazurarin, garin kafe. Ki cika ki share bakin da yatsa. Kada ki danna."

"In na danna fa?"

"Za ta yi fushi."

"Buta ce za ta yi fushi da ni?"

"Ke ma in an danne ki ai kina yi, Hajiya."

Na harare shi, ya yi kamar bai gani ba. Ya ce in murɗa saman da ƙarfi, in ɗora a wuta kaɗan, ba wutar tuwo ba. Ruwan zai hau da kansa ta cikin garin ya fito sama. Da ta fara gunaguni in sauke. Sannan ya ɗaga yatsa ya ce, "Sabulu kuwa, ko a mafarki. Ruwa kawai, ki kife ta ta bushe."

Na ce, "Kai kuma da me za ka riƙa sha?"

Ya ce, "Na sayi sabuwa. Wannan ta riga ta san hanya, ita ta fi dacewa da mai koyo."

Ni ba yarinya ba ce. Namiji ba ya ba ka tsohuwar butarsa ya riƙe sabuwa don kawai yana tausayin gwiwarka.

Ranar farko na danna garin, don hannuna ya saba da cusa dambu a madambaci. Butar ta yi ta huci ta ƙusar nan kamar kububuwa, na gudu na laɓe bayan firij. Abin da ya fito ko kare ba zai sha ba. Na danna waya na yi masa magana, don ni saƙon murya nake yi, ban iya na rubutu ba. Na ce butarsa ta so kashe ni. Ya maido da amsa yana dariya: "Kin danna ke nan. Gobe ki sa wayar kusa da ita in ji muryarta."

Haka muka koma yi. Kullum da hantsi in na sallami kowa, in ɗora buta, in ajiye waya kusa da murhu in naɗo masa ƙararta. Ya saurara ya ce, "Yau kin bar ta ta yi surutu da yawa." Ko ya ce, "Wutarki ta yi ƙarfi, ji yadda take tari." Ranar da ta fito sumul, baƙa wuluk da ɗan kumfa ja a kai, ya aiko cewa, "Hajiya, yau ko Baturen sai ya cire miki hula." Na saurari saƙon nan har batir ya mutu. Ba na jin kunyar faɗa.

Sau ɗaya muka yi rigima da Nazira a kan butar. Na shiga wanka na fito na tarar ta sa mata soson ƙarfe da sabulun kwanuka, wai ta ga cikinta ya yi baƙi. Na ce, "'Yar nan, baƙin nan shekaru aka yi ana tara shi!" Ta ba ni haƙuri, yarinyar ba ta da mugun hali. Na yi ta dafawa ina zubarwa har ɗanɗanon sabulun ya fita.

Maganar aure a mota ya yi ta, ido a kan titi.

"Hajiya, ni dai na gaji da shan kafe ni kaɗai."

Na ce, "Ka sayi kofi biyu ka riƙa sha ɗaya bayan ɗaya."

"Na yi. Ɗayan sanyi yake yi."

Na gyara niƙabina ko da yake babu abin da ya same shi. Ya ce yana da gida a Damagaram, da rijiya a tsakar gida da bishiyar lemun tsami. Ya ce ƙarfinsa ya fara ja baya, ya so ya tattara ya koma tun bara, ni na sa ya sabunta zamansa. Ya ce in na yarda a ɗaura a nan, mu koma tare. Na ce masa ni ba ni da uba a raye, ba ni da wa a kusa, waliyyina a ƙasar nan ɗana ne. Ya ce zai zo ya same shi kamar yadda ya kamata.

Da na gaya wa yaron nan, dariya ya fara yi. Da ya ga ban yi ba sai ya ajiye cokali.

"Umma, direba? Direban yarana?"

"Ubanka faci yake yi a bakin tasha, da shi aka biya maka makaranta."

"Ba wannan ba ne. Me mutane za su ce? A shekarunki?"

"Shekaruna nawa ne suka hana? Wace aya ce?"

Ya tashi ya shige ɗaki. Ya yi kwanaki yana kumbure-kumbure, ba ya cin abincina sai Nazira ta zuba. Kwatsam wata rana ya shigo da fara'a ya ce, "Umma, na yi tunani. Ki ce ya zo ranar Juma'a bayan la'asar." Har na sa masa albarka. Na ɗaga hannu biyu na sa masa albarka, jama'a!

Ranar Juma'ar tun safe nake kaiwa da komowa. Na sa lalle tun daren Alhamis, ya kama ja jawur. Na ciro leshina ruwan toka da ban taɓa sawa a ƙasar nan ba, na turara shi, na ɗaura kallabi irin na Katsinawa, na sa 'yan kunnen da na yi aure da su. Nazira ta gyara majalisa, wato falon baƙi maza, ta jera dabino. Ta ce za ta dafa gahawar Larabawa, na ce a'a. Mutumin da ya koya mini buta, da butar zan tare shi.

Na wanke hannu. Na zuba ruwa ya tsaya daidai ƙarƙashin ƙusa. Na cika mazurari da sabon gari, na share da yatsa, ko numfashi ban yi a kansa ba. Na murɗa, na rage wuta har ta zama kamar idon mage. Na tsaya a kanta ina kallo ta fara tsattsafowa, a hankali, kamar zuma. Da ta yi gunagunin farko na sauke. Wallahi tun da nake dafawa ban taɓa samun irin ta ranar ba. Na zuba a ƙananan finjalai na miƙa wa yaron nan tire. Malam Dawuda ya zo da amininsa Buraima, ina jin muryoyinsu ta bango.

Ina tsaye ina jiran a ce madalla, sai ga ɗana ya dawo, fuska a yamutse.

"Umma, ya ƙi sha."

"Ya ƙi me?"

"Ya karɓa, ya duba, ya ajiye a ƙasa."

"Zafi ne. Bari ta huce."

Ya koma. Na lallaɓa na leƙa ta tsagar ƙofa. Ga finjali a kan darduma, a gaban Malam Dawuda, cike. Ya ɗora hannuwa a gwiwa, ya sunkuyar da kai. Buraima ma ya ajiye nasa, yana ta kallon bakin ɗana. Shi kuwa gogan ya harɗe yana ba su labarin cunkoson titi da tsadar haya. Tururin finjalin ya yi ta raguwa ina gani har ya ɗauke.

Ya sake fitowa, ya ja ni cikin kicin, ya rage murya kamar mai tausayina.

"Umma, ban so in gaya miki ba. Na ce ya sha, ya ce ba haka ya koya miki ba. Wai mace in ta kasa ɗan wannan, ina za ta iya riƙe gida. A gaban abokinsa ya faɗa. Har da dariya."

Ku da kuka san ni kun san abin da ya biyo baya. Jinina ya hau har kunnena. Ni Hajjo, da na ciyar da rabin Malumfashi waina, a ce ban iya riƙe gida ba? Na yafa mayafi, na banka ƙofar majalisa ko sallama ban yi ba. Malam Dawuda ya ɗago, fuskarsa ta washe, har ya fara gyara zama. Na sunkuya na ɗauke finjalin daga gabansa.

Na ce, "Tunda ba ta yi ba, a bar ta. Allah ya haɗa kowa da rabonsa."

Buraima ya ce, "Innalillahi."

Malam Dawuda ya ce, "Hajiya..." Ya dube ni wani irin kallo da har yanzu in na rufe ido ina ganinsa. Na juya na tafi na tuttular da ita a wurin wanke-wanke, na sakar mata famfo. Ina ji suka yi sallama, ƙofa ta rufe. Nazira na tsaye jikin firij, ta kasa haɗa ido da ni. A lokacin na ɗauka kunyar abin da aka yi mini take ji.

Ban haƙura ba, na bi shi da saƙo. Na ce, "In ka san raini ya kawo ka, me ya sa ka ba ni wahalar sa lalle?" Amsarsa gajeriya ce. "Hajiya, na ga amsa, na karɓa. Ban riƙe ki da komai ba. Allah ya ba ki lafiyar gwiwa." Da aka koma makaranta, wani ɗan Pakistan ne ya zo ɗaukar yara.

Na kife butar a can saman kabad. Na yi kwanaki ina shan ruwan Lipton kamar mai jinya.

Delou ce ta zo ta fasa ƙwan. Matar Buraima ce, 'yar Maraɗi, gajeriya mai faɗa, mun saba haɗuwa a wajen suna. Ta shigo ko abayarta ba ta cire ba, ta ƙi zama.

"Hajjo, ban zo gaisuwa ba. In ba ki son bawan Allahn nan, sai ki faɗa masa a waya. Me ya sa sai da kika tara shi da mijina kika wulaƙanta shi?"

Na ce, "Ni na wulaƙanta shi? Shi da ya ajiye mini kafe a ƙasa kamar an ba shi guba?"

Ta tsaya ta dube ni. "Ke, ba ki san me ajiye finjali yake nufi ba?"

"Yana nufin bai yi daɗi ba mana."

Ta dafa bango ta zauna a hannun kujera. Ta ce a al'adar mutanen ƙasar nan, in mutum ya zo neman wani abu babba, kamar aure ko sulhu, in an miƙa masa gahawa ba ya sha. Ajiyewa yake yi a gabansa. Mai gida ya tambaye shi buƙatarsa, in ya amince sai ya ce masa, sha gahawarka, an ba ka. In ba a ce ba, haka zai tashi ya bar ta. Kowane namiji da ya daɗe a nan ya san wannan. Ni da ban taɓa zama a majalisar maza ba, ina zan sani?

Na ce, "To shi Bahaushe, me ya kai shi yin abin Larabawa a gidan Bahaushe?"

Ta ce, "Ɗanki ya sa shi. Ranar Alhamis ya kira shi, Buraima na zaune a wurin. Ya ce masa a gidansa tsarin ƙasar nan ake bi, in an kawo kafe ya ajiye. Ya ce, Umma tana da kunya, ba za ta iya faɗa da baki ba. In ta yarda, da kanta za ta fito ta ce ka sha. In ba ta yarda ba, za ta fito ta ɗauke."

Jama'a, kun ji. Ya tsara wa mutumin yadda zai zauna, ya zo ya tsara mini yadda zan fusata. Ya san halin uwarsa sarai, ya san inda zai taɓa in tashi. Da hannuna ya kori mijin da zan aura, shi ko yatsa bai ɗaga ba.

Na ce wa Delou ta tashi mu tafi wurin Malam Dawuda yanzu-yanzu. Ta ce in zauna, ba a haka. Ta kira Buraima a gabana ta zayyana masa, shi ya je ya sami Malam Dawuda. Da yamma amsa ta dawo. Malam Dawuda ya ce ya ji, ya kuma gaskata ni, har ya yi hamdala da ba daga zuciyata abin ya fito ba. Amma ya ce wanda ya yi wannan shi ne waliyyi, shi kuma ba zai shiga tsakanin uwa da ɗanta ta bayan gida ba. Ya riga ya nemi kafil ɗinsa, mai gidan da yake zaune a ƙarƙashinsa, ya yi masa takardar fita ta dindindin, an kuma buga. In ɗana ya kira shi da bakinsa kafin tafiyar, zai dawo ya zauna, a ɗaura, mu san yadda za mu yi. In bai kira ba, jirgi.

Na kama Nazira a kicin. Ban ɗaga murya ba, na ce, "Kin sani?" Ta fashe da kuka, ta ce ta ji mijinta yana wayar, ta ce masa ba kyau, ya ce ta yi shiru. Na ce ta share hawayenta ta miƙo mini butata daga saman kabad.

Ban tare ɗana a ɗaki ba. A ɗaki zai ce mini "Umma ki yi haƙuri" ya sumbaci goshina ya wuce. Na jira Juma'a, ranar da abokansa suke taruwa a majalisarsa bayan masallaci. A cikinsu akwai Malam Jibrin, dattijon da duk Bahaushen unguwar nan yake kai wa ƙara in an saɓa. Butar ƙarama ce, finjali kaɗan take cikawa, sai da na yi ta saukewa ina tara gindinta a famfo ta huce, in kwance, in zubar da tsohon gari, in sake ɗorawa, har yatsuna suka yi ja. Na ɗauki tiren da kaina na yi sallama.

Ɗana ya miƙe da sauri. "Umma, kawo, ba sai kin shigo ba."

Na ce, "Zauna. Na shigo wancan makon ba ka hana ni ba."

Na bi su ɗaya-ɗaya na miƙa. Wani mai ƙiba da ke gefen ƙofa ko jira bai yi ba, ya ɗaga ya shanye ya ce, "Kai, Hajiya, wannan ta fi ta kanti!" Na ce ya ji daɗinsa. Sannan na tsaya a tsakiya na ba su labari tun daga gwiwata har zuwa famfo. Ban ɓoye cewa ina son mutumin ba. Na faɗa da bakina a gaban maza, ƙasa ba ta tsage ba.

Mai ƙibar nan ya rasa inda zai sa finjalinsa. Malam Jibrin ya dubi nasa, ya dubi ɗana, ya sunkuya ya ajiye shi a kan darduma.

Ya ce, "Zainu, gaskiya ne abin da mahaifiyarka ta faɗa?"

Yaron nan ya fara zuba Larabci, yana ɗaga hannu, yana gyara ɗankwalin nan na Larabawa da ke kansa. Na ce, "Da Hausa na yi naƙudarka. Yi mini Hausa."

Ya ce, "Umma, ni mutuncinki nake karewa. Ba ki san mutumin nan ba, ba ki san Damagaram ba. Kuma in kin tafi, wa zai..." Ya datse.

Na ce, "Ƙarasa mana. Wa zai me?"

Ya lalubi makullin motarsa ya fice ya bar baƙinsa a zaune. Malam Jibrin ya jira shi har aka kira magariba, ya tashi ya bar finjalinsa yadda ya ajiye, ya ce mini ba zai ƙara taka gidan nan ba sai yaron ya je ya same shi.

Tun ranar ɗana yake wasan ɓuya da ni. Kafin in idar da azkar ya fice, in ya dawo ya zarce ɗaki ya murɗa makulli. Na yi masa saƙon murya, Nazira ta ce alamar ta nuna bai buɗe ba. To ga shi na kawo maka inda ba ka da makulli. Na san matarka tana karanta shafin nan, matan abokan aikinka ma suna karantawa, kuma za su karanta wa mazajensu.

Malam Dawuda ya fara rabar da kayan ɗakinsa. Delou ta ce ya ba Buraima katifa, ya ba wani fanka. Jirgin bai tashi ba tukuna, amma ba zai jira ka gama fushi ba.

Zainulabideen, ka ɗauki waya ka kira shi yau, ina tsaye ina ji. Ka ce masa ƙarya ka yi masa, ƙarya ka yi mini. Ka je ka sami Malam Jibrin ka maimaita. In ka gama ka zo ka tsaya a gabana, ba da Larabci ba, ba da sumbatar goshi ba, ka ƙarasa mini maganar da ka datse a gaban mutane. Ka gaya mini, uwa ka ɗauko daga Malumfashi ko 'yar raino?